Talge, tire da gadar Wouri: shekara huɗu bayan Malam Mai Inji

Shekara huɗu ke nan cif, a wannan damina, da aka kai maigidana makwancinsa. Ranar ma ruwa ake yi irin na yau, ruwan Duwala da ba ya zuwa da fushi, sai dai ya zauna kamar baƙon da bai da niyyar tafiya. Mutanen unguwarmu New Bell sun san shi da Malam Mai Inji, kuma da wannan sunan zan kira shi, don sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu ba. Yau an yi masa addu'a a masallacin layinmu, an raba waina, Allah ya karɓa. Amma da mutane suka watse na zauna ni kaɗai a tsakar gida, sai na ga akwai abin da ba a faɗa a wurin addu'a, wato yadda mutum ya riƙe aikinsa. Shi nake so in ba da labari.

A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya gangaro daga arewa da fataucin goro, ya ga teku, ya ce iyakar tafiya ke nan. Gadon da Malam ya samu shi ne zaure ɗaya da injin niƙa a ciki. Shekara da shekaru masara, barkono, wake da gyaɗar unguwa duk ta hannunsa suke bi. Ni kuwa ba mai fita ba ce. Duniyata daga madafi zuwa ƙofar zaure take, amma bangon da ke tsakani na katako ne, saboda haka babu abin da ake yi a zauren nan da ba ya shiga kunnena. Ina daka ina jin wa ya shigo, wa ya yi tsegumi, ko masarar da aka zuba ta bushe ko da sauranta. Malam yakan ce da gwamnati ta san da ni da ta sallami rabin 'yan sandan ciki.

Kifi ya shigo rayuwarmu ne ta ƙafar wata mata. Lokacin da rikici ya ɓarke a yammacin ƙasar nan, mutane suka dinga tsallakowa suna cika Bonaberi, unguwar da ke hayin gadar Wouri, wasu da katifa a ka, wasu da rigar jikinsu kawai. Cikinsu akwai Madam Enanga, malamar makaranta da aka rufe makarantarsu, ta taho da 'ya'ya uku da uwa tsohuwa. Ɗan abin da ta tsira da shi ta sa a tankunan tamfol guda uku a bayan gidan da ta kama haya, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa. Abincin kifi na kamfani, wanda jirgi ke kawowa daga waje, ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa haɗa nata: masara, waken suya, dusar alkama da busasshen kifi. Wani ya ce mata akwai Bahaushe a New Bell da injinsa ke niƙa laushi, bai kuma rage wa mutane mudu. Haka ta fara zuwa, tana Turancin buroka, Malam yana amsa mata da nasa da ya koya a kasuwa, ni ina bayan katako ina dariya ƙasa-ƙasa.

Wata rana ya tambaye ta yadda kifin ke cin gari. Ta ce ai nan matsalar take. Tana kwaɓawa ta jefa, rabi kifi ya ci, rabi ya narke, ruwan ya yi wari, dole kullum a sauya. Malam mutum ne da ba ya iya barin abu a karkace. Ko tabarma ya gani a gicciye a masallaci sai ya miƙe ta kafin ya tayar da salla. Sati bai zagayo ba ya je wurin mahauta ya sayo tsohon injin markaɗa nama, ya wanke, ya ɗaura masa motar lantarki mai juya shi. In ya kwaɓa haɗin ya tura, sai ya fito dogo-dogo kamar taliya, a kakkarya shi ƙwaya-ƙwaya, a shanya. Ya zo ya ari darona na wanke-wanke, ya cika da ruwa, ya jefa ƙwaya biyar, ya ɗauki carbinsa don ya auna tsawon lokacin da za su yi. Kafin ya kai ƙarshen zagaye ɗaya sun zama kunu.

Kwana da kwanaki yana wannan. Ya ƙara dusa, ya rage dusa. Ya zuba manja, ya fasa ƙwai, har ƙaro ya jiƙa. Daron nan ya daina zama nawa. Rannan ina tuƙa tuwo, shi yana tsugune yana kallon ruwan da ya sake yin fari, na ce, "Malam, kai fa tuwo kake yi babu talge."

Ya ɗago. "Ladi, kifi ne zai ci, ba surukinki ba."

"Ko wa zai ci. Gari in bai ga ruwan zafi ba ba ya kama jikinsa. Ka taɓa ganin na zuba gari a ruwan sanyi na ba ka?"

Ya tashi ya koma zaure. Can sai ga shi da kwano, ya ce to, mai ilimi, a yi masa talgen ya gani. Na tafasa ruwa, na dama garin rogo na zuba, na tuƙa har ya yi danƙo yana sheƙi, na ce da wannan zai kwaɓa haɗin tun da zafinsa. Bayan kwana biyu da ya bushe, ya jefa a daro ya kama jan carbi. Zagaye ɗaya, biyu, biyar, goma. Ƙwayoyin suna nan a ƙasa, sun kumbura amma ba su fashe ba, ruwa kuma garau. Ya ajiye carbin ya ce ya gaji, ladan ya isa. Tun daga ranar in yana son tsokanata sai ya ce "Mai Talge," ni kuwa in yi kamar ban ji ba.

Yanzu idan ɗanmu yana yi mini bayanin babban injin da ya saya, wai yana dafa haɗin da tururi a cikin cikinsa kafin ya fito da shi, har ƙwayar ta yi ta yawo a saman ruwa ba ta nutse ba, nakan gyaɗa kai kamar na ji sabon abu. A raina kuwa cewa nake, talge ne da wutar lantarki. Da Malam na nan da shi zai faɗa a fili, ya kuma faɗa a gaban ma'aikata.

Dole in tsaya in gabatar da ɗan nan, don shi ne rabin labarin. Ɗanlami muke ce masa, ɗan farinmu. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunansa na gaskiya ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi har ta rasu. Ban taɓa zama na yi hira da shi kamar yadda nake yi da ƙannensa ba, ban taɓa yi masa faɗa ido da ido ba. In ina da magana da shi, sai in faɗa wa bango, ko in faɗa wa ƙanwarsa da ƙarfi yadda zai ji. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka na yi. Ya yi lekol, wato makarantar boko, har ƙarshe, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ya samu aiki a wani ofishin fiton kaya a bakin tashar jiragen ruwa, yana sa taye.

Sai annoba ta zo. Jirage suka ragu, ofishinsu ya ce kowa ya zauna gida sai an neme shi, ba a kuwa sake nemansa ba. A daidai wannan lokaci abincin kifi na waje ya yi wuya, in an samu ma sai mai ƙarfi. Madam Enanga ta riga ta gaya wa 'yan cocinsu, su kuma sun gaya wa wasu, sai ga masu tankuna daga Bonaberi, daga bayan Bassa, har daga hanyar Edea, suna tsaye a ƙofar zaurenmu da takunkumi a baki suna tambayar Bahaushe mai abincin kifi. Ɗanlami ya cire taye ya shiga zaure.

Gaskiya ɗaya ce, yaron ya kawo gyara. Malam da mudu yake awo, yau a cika gobe a shafe, Ɗanlami ya kawo sikeli ya ce kowane kwaɓi ya zama daidai da na jiya. Ya sa aka huda faranti uku na bakin inji, ƙanana don 'ya'yan kifi, matsakaita, da manya. Ya gano cewa tunkuzar masu ƙuli-ƙuli tana iya maye gurbin wani kaso na waken suya idan hanya ta toshe kaya ba su sauko daga arewa ba. Ya ƙaro inji na biyu. Abin da ake yi a sati aka koma yi a kwana biyu. Malam yana gunaguni yana cewa an mai da masa zaure ofis, amma na sha jin sa ta bayan katako yana gaya wa abokansa, "Ɗan nan da sikelinsa ya fi ni gaskiya."

Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa, wato shanya. Mu jikokin mutanen arewa ne, a wurinmu rana ce ke busar da komai. Kubewa, kilishi, tattasai, a baza a tabarma a bar wa Allah. Kakanninmu sun zo da wannan a kansu, mu ma muka gada, ko da yake garin da muke ciki gishiri ma jiƙewa yake a cikin kwalba. Da rani abin ya yi ta tafiya daidai, muna bazawa a kan rufin kwano da tsakar gida. Kafin a ɗura a buhu, akan juye a wani babban tire na ƙarfe da ke bakin zaure a bakace ƙura. Ba wanda ya sa ni, amma kunnena ya haddace ƙarar. Busasshiyar ƙwaya in ta zuba a tire tana ƙara kamar tsakuwa a kan kwano, ƙarar tana tsalle. Kullum ita nake ji ina aikina, har na daina sanin ina ji.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, a tsakiyar damina. An yi kwana huɗu rana tana leƙowa tana komawa. Masu kifi huɗu suna jira, Madam Enanga ta bugo waya sau uku, ta ce kifinta sun kwana biyu a kan rabin ciki, kuma tarwaɗa in ta ji yunwa 'yar'uwarta take ci. Saura mata sati uku ta kwashe ta sayar, kuma a kan wannan kwasar take jiran mai da 'ya'yanta makaranta. Malam ya tafi jana'iza daga can ya wuce masallaci. Ɗanlami ya taɓa shanyar, ya ji ta bushe a hannu, ya ce a tattara. Ina yankan alayyahu na ji an juye a tire. Wuƙar ta tsaya a hannuna. Ƙarar ba ta yi tsalle ba. Ta faɗi ne ta kwanta, kamar an zuba wake da aka jiƙa.

Na san abin da na ji. Bayan ya bushe, cikin da saura. Amma wanda ke tsaye a kan tiren ɗan fari ne, ga ma'aikata biyu a gabansa, ga mai babur ɗin ɗaukar kaya yana ta danna ham a waje. Sai na yi abin da na saba. Na fuskanci bango na ce, "Wannan shanya dai da an ƙara mata yini." Ya ji. Ya amsa wa bangon shi ma, cikin ladabi, ya ce an taɓa an ji, sa va, ba komai, mutane na jira. Aka ɗinke buhuna goma sha biyu, aka ɗora, suka tafi. Na ci gaba da yankan alayyahu, na yanka har da yatsana.

Yinin nan ban ce wa Malam komai ba. Ina ta gaya wa kaina wataƙila kunnena ne, wataƙila ƙarar ruwa a kan rufi ce ta rufe. Kuma in na faɗa, ƙarar ɗana na kai, ɗan da ya riga ya rasa aikin ofis yake neman inda zai tsaya da ƙafarsa. Amma na san abin da danshi ke yi a cikin buhun leda a garin nan. Kwana uku ya isa ya yi zafi, ya yi fumfuna, kuma abinci mai fumfuna ba ya kashe kifi a gabanka, a hankali yake cin su, su daina girma, su fara juyewa ɗaya-ɗaya. Matar nan ta gudo daga harsashi da tankuna uku kacal. Da safe, da ya dawo daga masallaci na kai masa koko, na faɗa masa.

Ya sa aka kawo ragowar da aka share daga tiren. Ya juye, ya karkata kai. Ya sake juyewa. Ya ce, "Ni ban ji komai ba." Sai ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori. Ba ta fashe ba, lotsewa ta yi. Ya dube ni ya ce, "Amma ke kin ji. Tun yaushe?" Na ce tun jiya. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya shanye kokonsa, ya sa rigar ruwa, ya kira Ɗanlami ya ce ya nemo mai babur ɗin jiya, za su tsallaka gada zuwa Bonaberi.

Abin da ya faru a can daga bakin Madam na ji daga baya, don shi ba mai ba da labarin kansa ba ne. Ta ce ta gan su a jiƙe sharkaf, ta ɗauka rasuwa aka yi. Malam ya farke buhu ɗaya, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya kama hannunta ya ce ta zura ita ma. Tsakiyar buhun da ɗumi kamar cikin kaza. Ya ce zai kwashe kayansa. Ta ce ta riga ta ba su na safe sun cinye lafiya, in ya kwashe me za ta ba su da yamma, duwatsu? Ya ce na yau ba zai yi musu komai ba, na jibi ne guba, kuma kafin la'asar za ta ga buhu biyu a ƙofarta. Ta ce masa, "Alhaji, wanda ya sayar ba ya dawowa, a garinmu ma haka ne." Ya ce shi bai je Makka ba tukuna, kuma a zaurensu ana dawowa. Haka suka bi sauran mutum ukun. Ɗaya ya yi musu dariya, ya ce Hausawa da son wahala. Ɗaya ya hana, sai da Malam ya zauna a kan buhun ya ce to shi ma a nan zai yini.

Kafin su dawo na aika gida-gida. Duk matar da ke da kaskon suyar gyaɗa a layinmu ta fito da shi. Murhu shida muka haɗa a ƙarƙashin rumfa, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa da mara kada ya ƙone, a sauke, a baza ya huce. Unguwa ta gume da ƙamshin kifi da manja, maguna suka taru kamar an yi musu gayya. Maƙwabciyata Hajiya Dudu tana juyawa tana cewa ita da ta soya gyaɗar bikin 'ya'ya tara, yau ga ta tana yi wa tarwaɗa girki, saura a kira ta wankan jego. Duk kaskon da ya huce sai a juye a tire, kowa ya yi shiru, a dube ni. In na ce da saura, ya koma wuta. Kafin la'asar buhu biyu suka tsallaka gada. Sauran muka gama washegari.

Da yamma Malam ya kira mu mu biyu, ni da Ɗanlami, a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Yaron kansa a ƙasa, ni ina kallon gefe. Ya ce ba laifin sikeli ba ne, ba laifin hannu ba ne, kuma shi ma da yana nan da ya ɗure, don shi ma bai ji ba. Sannan ya juyo gare ni. "Ladi, kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, uwata ma ta yi mini. Ki riƙe ta a ko'ina. Amma a kan tiren nan babu ita. In kin ji, ki dube shi ki faɗa masa." Ya ce wa ɗan, "Kai kuma daga yau ba a ɗinke buhu sai uwarka ta ji." Ya sa shi ya ɗebo ƙwaya ya juye a gabana. Ta yi ƙara ras. Na ɗaga kai na dubi ɗana a ido, a karo na farko tun yana goye, na ce, "Ya yi." Muryata ma ban gane ta ba.

Daga nan muka bar dogara da rana. Madam ta haɗa Malam da wasu mata masu bandar kifi a bakin ruwa, ya je ya yini yana kallon yadda suke jera ragarsu. Ya dawo ya sa maƙeri ya yanka ganguna, aka yi tanda mai hawa huɗu, wuta a ƙasa, hayaƙi yana fita ta baya kada ya taɓa kaya. Ruwa ko rana, aiki bai ƙara tsayawa ba. Mutumin da ya yi musu dariya shi ya fi kowa yaɗa labarin, yana ba da shi a matsayin abin ban dariya, masu kifi kuwa suna ji suna tambayar ina ne zauren. Madam ta kwashe kifinta a kan lokaci, ta aiko mana da guda shida masu kai kamar tafin hannu.

Damina ɗaya kawai Malam ya ƙara gani. Ciwon bai yi tsawo ba, kwana tara. Madam Enanga ta zo da ɗankwali a kanta ta zauna cikinmu kwana uku, ba ta jin addu'ar da ake yi amma tana ɗaga hannu in an ɗaga. Duk wanda ya shigo ta ce masa "ashiya," wato sannu da haƙuri a bakinsu, har tsofaffin unguwa suka koya suna mayar mata.

To yau da Malam zai leƙo, me zai ce? Na san zai fara da gunaguni. Zai ce an kwashe aiki daga zauren kakansa an kai wata rumfar haya a gefen Bassa, inda mutum ba ya jin kiran salla sai ƙarar kamiyo, manyan motocin kaya. Zai yi tsaki a kan wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, haɗi ya sandare a cikin inji. Zai ji haushin masu cusa garin katako a abinci su ɗinke a buhu mai kyau, don sun yi yawa yanzu da kowa ya gane akwai kasuwa. Zai yi baƙin ciki da ya ji har yau Madam ba ta koma garinsu ba, tankunanta sun zama tara amma uwarta a nan aka binne ta. Bayan ya gama duk wannan, zai ɗebi ƙwaya ya jefa a daro, ya ga tana yawo a sama kamar kwalekwale, ya ciro carbi, ya ja har ya gaji, ya ce a ba shi kujera. Ina jin daga nan ba za a ƙara jin bakinsa ba sai murmushi.

Tire yana nan a wurina. Ɗanlami yana da wata 'yar na'ura yanzu da ake tsoma wa a buhu ta nuna danshi da lamba. Da ya kawo ta na ce a raina shi ke nan, an sallami Mai Talge. Amma duk Juma'a bayan masallaci yakan shigo da ƙulli uku ko huɗu a leda, ya juye mini ɗaya bayan ɗaya. Ni na san kunnen ba kamar da ba ne, yanzu sai an maimaita mini magana a waya. Na gaya masa ya riƙe na'urarsa da kyau, ita ba ta tsufa irin nawa. Ya ce wa bango Papa bai ce na'ura ba. Na bar shi. Wani lokaci ina zargin ya riga ya auna kafin ya zo, yana kawowa ne don in sami abin cewa. Ko da haka ne, na karɓa.

Na daɗe ina tunanin a cikin abubuwan nan wanne ne Malam. Talge inji ya karɓe shi. Tandar ganguna ta yi tsatsa, kaji ke kwana a ciki. Tire kuwa ranar da na bi Malam zai koma tiren tallan wani. Ban sami amsa ba sai watan jiya, da Madam ta zo gaishe ni, muna shan shayi take cewa, ai ta ɗauka na sani. A daminar bara, wata Asabar, ta ji ana buga ƙofa, ta buɗe ta ga Ɗanlami a jiƙe da mota a bayansa. Wai ya gano garin kifin da aka kawo masa a wancan satin an gauraya shi da yashi, bayan kaya sun riga sun fita. Ba wanda ya kai ƙara, kifi ba su nuna komai ba tukuna. Mutum goma sha ɗaya ya bi a yinin nan, daga Bonaberi har bayan Bassa, ya kwashe ya sauya musu. Ta ce da ta gan shi tsaye ruwa na zuba daga hularsa, sai da ta riƙe ƙofa, don ta ɗauka uban ne.

Juma'a hamsin ya zo mini tun daga lokacin, ya juye ƙwaya a tire, ya sha fura, bai taɓa ɗaga zancen ba. Ni ma da ya zo wannan Juma'ar ban ɗaga ba. Malam ya cire mini kunya ne a kan gyara, bai ce komai a kan yabo ba, kuma ban iya ba. Na dai ƙara masa nono a furar. Sauran yabon, in wannan labarin nawa ya fito a jarida, ya karanta kamar kowa.

Allah ya jiƙan Malam Mai Inji, ya sanyaya makwancinsa, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan har Madam ta ga garinsu da idonta.